Sibateriyam: Ɓataccen Ɗan'uwan Raƙumin Dawa

Gabatarwa

Babu Bahaushen da bai san sunan raƙumin dawa ba. Yara a makarantun firamare na Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi suna ganin hotonsa a cikin littattafan karatu, kuma kowanensu zai iya zana shi da dogon wuyansa da dabbare-dabbaren jikinsa. Amma da wuya a sami wanda ya taɓa yin ido biyu da shi, in ba a gidan ajiye namun daji ko a talabijin ba. Abin da jama'a da yawa ba su sani ba shi ne, wannan dabba ragowa ce ta wani babban dangi wanda a zamanin da ya bazu a nahiyoyin Afirka da Asiya da Turai. A cikin dangin nan akwai dogaye da gajeru, akwai masu ƙaho biyu da masu ƙaho huɗu. A yau gida biyu kaɗai suka rage, watau raƙumin dawa da wata dabba mai suna okafi da ke zaune a kurmin ƙasar Kwango.

Manufar wannan maƙala ita ce gabatar wa mai karatu da ɗaya daga cikin waɗanda suka shuɗe a wannan dangi, watau Sibateriyam, wanda masana ke rubutawa Sivatherium. Za mu duba yadda aka gano shi, da siffarsa, da abincinsa, da dalilan ɓacewarsa. Daga nan kuma za mu waiwayi ɗan'uwansa da ya rage a maƙwabtanmu, domin a halin da ake ciki shi ma ya taɓa leƙa ramin da ya haɗiye Sibateriyam.

Raƙumin da ba Raƙumi ba

Kafin mu shiga cikin bayani, ya kamata a warware wani ruɗani da suna ya haddasa. Bahaushe ya dubi dogon wuyan wannan dabba da yanayin tafiyarta, inda take ɗaga ƙafafun gefe ɗaya kusan a tare kamar yadda raƙumi ke yi, sai ya kira ta raƙumin dawa. Girkawa da Rumawa ma haka suka gani, suka ba ta sunan da ke nufin raƙumi mai fatar damisa. To, amma binciken halittar jiki ya nuna cewa raƙumin dawa ya fi kusa da saniya da akuya da barewa bisa ga raƙumi. Kofatonsa a rabe yake gida biyu kamar na saniya, tumbinsa ɗaki huɗu ne kamar nata, alhali raƙumi yana taka ƙasa da tafin ƙafa mai taushi, tumbinsa kuma ɗaki uku ne.

Akwai alamomi biyu da masana ke gane ɗan wannan dangi da su. Ta farko ita ce ƙaho. Ƙahon saniya ƙashi ne da wani kube mai tauri ya rufe, amma na raƙumin dawa ƙashi ne da fata da gashi suka lulluɓe, kuma ba ya zubar da shi har ya mutu. Ta biyu ita ce fiƙar muƙamuƙin ƙasa, wadda a wannan dangi take da faɗi, kuma kanta a tsage yake gida biyu. Da ita dabbar ke tsefe ganye daga reshe. Idan masani ya tono muƙamuƙi ya ga irin wannan haƙori, ya san gidan da mai shi ya fito ko da bai ga sauran jikin ba.

Yadda aka Gano Sibateriyam

A gindin duwatsun Himalaya, a arewacin Indiya da Pakistan, akwai wasu jerin tuddai da ake kira Siwalik. Yashi da laka ne da koguna suka yi ta jibgewa a cikin miliyoyin shekaru, suka binne ƙasusuwan dabbobi iri-iri har suka daskare suka koma kamar dutse. A nan ne wasu Turawa biyu, wani likita kuma masanin tsirrai mai suna Hugh Falconer da wani injiniyan hanyoyin ruwa mai suna Proby Cautley, suka sami wani ƙaton ƙoƙon kai mai ban mamaki. A shekarar 1836 suka buga bayaninsa, suka raɗa wa dabbar suna Sibateriyam, watau dabbar Shiba, sunan wani abin bautar Hindu da ake danganta waɗannan tuddai da shi.

Da farko masu binciken sun rasa inda za su ajiye wannan dabba. Haƙoranta na masu tuƙa ne, amma girman kanta ya kusa na ƙaramar giwa, kuma yanayin ƙashin hancinta ya sa suka yi tsammanin tana da ɗan gajeren hanci mai lilo irin na giwa. Sai da aka ƙara samun ƙasusuwa, aka gwada su da na sauran dabbobi, sannan masana suka yi ittifaƙi a kan cewa ɗan gidan raƙumin dawa ne.

Siffarsa da Girmansa

Mai karatu ya ƙiyasta a ransa wani bijimi da ya fi kowane bijimi girma, mai kauri a ƙirji da kafaɗa, mai gajerun ƙafafu masu ƙarfi, da wuya mai kauri wanda tsawonsa bai wuce ƙima ba. Tsayinsa daga ƙasa zuwa kafaɗa ya kai kimanin mita 2, watau ya ɗara dogon mutum. A kan namiji akwai ƙahoni huɗu: biyu ƙanana masu tsini a saman idanu, biyu kuma manya a baya, masu faɗi kamar tafin hannu a buɗe.

A shekarar 2016 wasu masana uku a Ingila, Christopher Basu da Peter Falkingham da John Hutchinson, suka ɗauki hotunan ƙasusuwan nau'in Indiya da ke ajiye a gidan tarihin halittu na birnin Landan, suka harhaɗa su a kwamfuta, suka ƙiyasta nauyin dabbar. Lissafinsu ya ba da kimanin kilo 1,250, watau nauyin buhu 12 da rabi na gero mai kilo ɗari-ɗari, ko kuma kusan nauyin manyan bijimai uku. Sun kuma yi nuni da cewa lissafin bai haɗa da manyan ƙahonin ba. Saboda haka ake sa Sibateriyam a sahun gaba na dabbobi masu tuƙa mafi girma da suka taɓa rayuwa a doron ƙasa.

Ina Dogon Wuyan?

Tambayar da za ta zo wa mai karatu ita ce, ta yaya dabba mai gajeren wuya za ta zama 'yar'uwar raƙumin dawa? Amsar tana cikin ƙashi. Wuyan raƙumin dawa gaɓa bakwai ne, kamar na akuya, kamar kuma na mutum. Bambancin kawai shi ne kowace gaɓa tasa ta miƙe ta yi tsawo ƙwarai. Ke nan tsawon wuya siffa ce ta reshe ɗaya a cikin dangin, sauran rassan kuwa kowane da hanyar da ya bi.

Daga cikin tsofaffin 'yan wannan gida akwai wata dabba da masana suka kira Canthumeryx, wadda aka tono a Jabal Zaltan ta ƙasar Libiya, ta rayu fiye da shekara miliyan 15 da suka wuce, kuma fasalinta ya fi kama da na babbar barewa. Akwai kuma Samoteriyam, wanda aka samo a tsibirin Samos na ƙasar Girka, mai kimanin shekara miliyan 7. Wani bincike da aka buga a shekarar 2015 ya nuna cewa tsawon wuyansa tsaka-tsaki ne, ya fi na okafi, bai kai na raƙumin dawa ba. Shi kuwa Sibateriyam sai ya bi wata hanya dabam: ya ƙara kauri da nauyi, ƙafafunsa suka gajarta. Okafi ma, wanda masanan Turai ba su san da shi ba sai a shekarar 1901, wuyansa bai da tsawo sosai. Idan aka ƙirga dangin duka, masu matsakaicin wuya su suka fi yawa.

Sibateriyam a Nahiyar Afirka

Ko da yake a Indiya aka fara gano shi, Afirka na daga cikin manyan gidajen Sibateriyam. An tono ƙasusuwansa a Langebaanweg ta Afirka ta Kudu, inda shekarunsu suka kai kimanin miliyan 5. An same shi a Aljeriya da Maroko, da Habasha, da bakin tafkin Turkana a Kenya, da kwazazzabon Oldubai a Tanzaniya. Daga cikin wurare mafi kusa da mu akwai hamadar Jurab da ke arewacin ƙasar Chadi, inda ayarin masana ƙarƙashin jagorancin Michel Brunet na Faransa ya yi ta tono tun daga shekarun 1990. Inda yake rairayi tsantsa a yau, a wancan zamani bakin tafki ne mai kifi da kada da dorina, Sibateriyam kuma yana kiwo a gefensa.

Ta yaya ake sanin abin da dabbar da ta mutu tun shekaru miliyan biyu take ci? Haƙori shi ne shaida. Tsirrai ba hanya ɗaya suke bi ba wajen sarrafa iskar da suke shaƙa. Ciyayin ƙasashe masu zafi, irin su gamba da gero da dawa, suna da hanyarsu, itatuwa irin su gawo da bagaruwa da ƙirya kuma suna da tasu. Wannan bambanci yana barin alama a cikin sinadarin kabon da ke jikin tsiron, alamar kuma tana shiga cikin farin ɓawon haƙorin dabbar da ta ci shi, ta zauna daram. Da aka auna haƙoran Sibateriyam na gabashin Afirka, sai aka tarar na farko-farko masu cin ganyen itace ne kamar akuya, amma na baya-baya sun karkata ga cin ciyawa kamar saniya. Wannan ya faru ne a daidai lokacin da nahiyar ke ƙara bushewa, kurmi na ja da baya, filayen ciyawa na faɗaɗa.

Har ila yau, a wani wuri a Oldubai mai kimanin shekara miliyan 1.3, an tarar da ƙasusuwan Sibateriyam tare da makaman dutse da aka sassaƙa da hannu, abin da ke nuna cewa mazauna wurin na wancan zamani sun ci namansa.

Abin da Duwatsun Ƙasarmu ke Ajiyewa

Mai karatu na iya cewa, to, mu fa a nan, me ke ƙarƙashin ƙafafunmu? Ba kowane dutse ne ke ajiye ƙashi ba, kuma kowane dutse abin zamaninsa kaɗai yake ajiyewa. Ƙauran Namoda da Zurmi suna zaune ne a kan tsohon dutsen tushe, irin wanda ke fitowa fili a matsayin fā da manyan duwatsu kamar na Kwatarkwashi. Shekarunsa sun haura miliyan 500, kuma a cikin matsanancin zafi ya samu a can ƙarƙashin ƙasa, don haka ba a samun burbushin dabba a cikinsa.

Idan aka nausa arewa maso yamma, wajen Shinkafi da Isa, sai a fara shiga abin da masana ke kira kwarin Sakkwato, inda duwatsun yashi da laka suke kwance hawa-hawa. Hawan ƙasa-ƙasa, wanda aka sa wa sunan Gundumi, yana ɗauke da kututturan itatuwa da suka koma dutse. A samansa akwai laka da farar ƙasa da wani teku ya bari, tekun da ya ratsa Sahara kimanin shekara miliyan 70 zuwa 55 da suka wuce. A cikin waɗannan ne aka tono wani ƙaton ƙadangaren teku da aka sa wa suna Goronyosaurus, saboda garin Goronyo, kuma farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita cike take da ɓawon halittun teku. Duk waɗannan sun riga dangin raƙumin dawa da miliyoyin shekaru masu yawa. Inda ƙasusuwan zamanin baya-baya za su iya maƙalewa a yankinmu shi ne cikin tsohon yashi da lakar da koguna irin su Gagare da Bunsuru suka tara a fadamu. Saboda haka, mai haƙar rijiya ko mai ɗibar yashi da ya ci karo da ƙashi mai nauyin dutse, ya kyautu ya lura da wurin da zurfinsa, ya sanar da hakimi ko sashen nazarin ƙasa na jami'a mafi kusa. Ƙashin da aka raba da mazauninsa ba tare da bayani ba, rabin amfaninsa ya tafi, domin da hawan ƙasar da yake kwance ake gane shekarunsa.

Me ya Kawar da Shi?

Shaidu na ƙarshe masu ƙarfi game da Sibateriyam a Afirka sun fito ne daga wurare irin su Elandsfontein a Afirka ta Kudu, wanda shekarunsa ke tsakanin miliyan ɗaya da dubu 600. An taɓa zaton ya rayu har zuwa zamanin da mutane suka fara gina birane. A shekarar 1936 wani masani ɗan Amurka mai suna Edwin Colbert ya ce wani ɗan gunkin tagulla da aka tono a tsohon birnin Kish na ƙasar Iraƙi siffar Sibateriyam ce. Bayan shekaru aka gano gutsattsarin ƙahonin gunkin da suka karye, aka mayar da su wurinsu, sai ga shi wani nau'in barewa ne mai ƙahoni masu rassa. Haka ilmin kimiyya ke tafiya, sabuwar hujja tana gyara tsohon zato.

Dangane da dalilin ɓacewarsa kuwa, masana sun kasu kashi biyu. Wasu suna ɗora laifin a kan masu farauta da makaman dutse. Wasu kuma suna ganin sauyin yanayi ne. Wani bincike da Tyler Faith da abokan aikinsa suka buga a shekarar 2018 ya nuna cewa manyan dabbobi masu cin tsirrai a gabashin Afirka sun fara raguwa tun kimanin shekara miliyan 4.6 da suka wuce, tun kafin a fara farautarsu, kuma raguwar ta tafi kafaɗa da kafaɗa da yaɗuwar filayen ciyawa. Sibateriyam ya sauya abinci, ya jure na tsawon lokaci, amma a filin ciyawa ya tarar da ɓauna da gwanki da sauran dangin saniya, waɗanda suka fi shi gwanintar wannan kiwo. Shi kuwa raƙumin dawa ya riƙe saman itace, inda ba mai tsere da shi sai giwa.

Wanda ya Rage a Maƙwabtanmu

Ɓacewar Sibateriyam ta ɗauki dubban ɗaruruwan shekaru. Abin da ya sami raƙumin dawa a Afirka ta Yamma kuwa bai wuce shekara ɗari ba. Alamu sun nuna yadda ya taɓa cika wannan ƙasa. A Dabus, arewa da Agadas, akwai zanen raƙumin dawa da aka sassaƙa a jikin dutse, tsawonsa ya haura mita 5, an yi shi shekaru dubbai da suka wuce lokacin da Sahara take kore. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya ratsa Zurmi a shekarar 1853 a kan hanyarsa daga Katsina zuwa Sakkwato, ya rubuta cewa dajin da ke tsakanin Azbin da Damargu matattarar raƙuman dawa ne. Bugu da ƙari, nau'in Afirka ta Yamma da masani Oldfield Thomas ya bayyana a shekarar 1898, a kusa da mahaɗar kogin Kwara da Binuwai aka harbo shi. Ke nan akwai shi a arewa da mu, akwai shi a kudu da mu. A farkon ƙarni na 20 ana samunsa daga Senegal har zuwa tafkin Chadi.

Farauta da bindiga, da sarar daji don noma da itacen girki, da farin shekarun 1970 da 1980 suka haɗu suka share shi daga Senegal da Muritaniya da Mali da arewa maso yammacin Nijeriya. A shekarar 1996, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara, ƙidaya ta nuna cewa guda 49 kacal suka rage a duniya, dukkansu a yankin Kure da Dallol Boso, kimanin kilomita 60 daga birnin Yamai. Dabbar da ke ɗaukar ciki wata 15 ta haifi ɗa guda ba ta saurin mayar da gurbin abin da aka kashe.

Sai dai gwamnatin Nijar ta tsananta hana farautarsa, ƙungiyoyi suka haɗa kai da mazauna ƙauyuka, aka taimaka musu da rijiyoyi da ƙananan rance, aka horar da wasunsu aikin yi wa baƙi jagora. Ba a killace dabbobin ba. Suna yawo ne a cikin gonaki, da rani su ci ganyen gawo, wani lokaci su yi wa manomi ɓarnar wake ko mangwaro, a haƙura da su. Kafin shekarar 2018 yawansu ya haura 600. A watan Nuwamba na shekarar ne aka ɗauki guda 8 a mota, aka yi tafiyar fiye da kilomita 800 da su zuwa gandun dajin Gadabeji da ke arewa da Dakoro a Jihar Maraɗi, inda rabon da a ga raƙumin dawa an kusa shekara 50. A shekarar 2022 aka ƙara kai wasu, kuma tuni aka fara samun haihuwa a can. Jihar Maraɗi kuwa ita ce ke iyaka da Zurmi da Shinkafi ta arewa.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa Sibateriyam ƙaton ɗan'uwan raƙumin dawa ne mai ƙaho huɗu da gajeren wuya, wanda ya rayu a Afirka da Asiya na miliyoyin shekaru kafin sauyin yanayi da gasar kiwo su ci ƙarfinsa. Abin da ya rage mana daga gare shi ƙashi ne da haƙori, kuma da su masana ke sake gina siffarsa. Raƙumin dawa kuwa yana nan da ransa, kuma darasin Nijar ya nuna cewa garken da ya ragu zuwa 49 yana iya farfaɗowa a tsakiyar manoma da makiyaya, in dai an daina harbinsa, an bar masa itatuwan da yake ci. Dazuzzukan Dumburum da Sububu sun daɗe cikin rashin tsaro, wanda ya hana manomi da makiyayi da mai bincike sakat. Duk ranar da zaman lafiya ya dawo aka zauna tsara makomarsu, ya dace a sa namun daji a cikin lissafi, a kuma fara da abin da kowa zai iya, watau barin gawo a gona da hana sare shi.